Yadda ake yi wa tsohuwar mota mai giyar atomatik sabis ba tare da an kashe giyar ba

Yawancin motocin atomatik da ke yawo a Kano, Kaduna ko Zariya sun haura shekara goma sha biyar, kuma sun shigo ne a matsayin Beljiyom ko ta Kwatano, babu wata takarda da ke nuna abin da aka taɓa yi musu. Kowa ya san juyen baƙin mai, amma man giya sai ranar da mota ta fara fizga ake tunawa da shi, alhali giyabos ya fi kusan komai tsadar gyara a jikinta. Za mu yi misali da Toyota Camry ta 2002 zuwa 2006, wadda ake wa laƙabi da Big Daddy, mai injin lita 2.4. Inda Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 ta saɓa mata, za mu nuna.

Kafin komai, ka duba ko agogon tafiyar motarka da mil yake ƙirga ko da kilomita. Wadda ta fito daga Amurka mil take ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Motar da ke nuna 150,000 ta ci kilomita 240,000 ke nan. Wanda bai lura da wannan ba, duk lissafin sabis ɗinsa a makare yake.

Mataki na farko: a duba man giya kafin a taɓa shi

Ka yi tafiyar kamar minti goma sha biyar don man ya ɗauki zafi, sannan ka tsaya a wuri mai shafe, ba gangare ba. Ja birkin hannu, bar injin a kunne, taka birki, ka bi da giyar ta kowane matsayi, daga P zuwa R, N, D har ƙasa, kana dakatawa daƙiƙa biyu zuwa uku a kowanne, sannan ka mayar da ita P. Injin yana aiki za ka zare sandar awon man giya, wadda bakanikai ke kira geji, ka goge da farin ƙyalle mai tsabta, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Man ya tsaya a tsakanin alamomin da aka rubuta HOT. Alamar COOL ta kimantawa ce kawai, ba a yanke hukunci da ita. In kuma daga doguwar tafiya ka dawo da tsakar rana, ka bar motar ta huta rabin awa tukuna, domin man da ya yi zafi fiye da ƙima yana kumbura ya nuna cika alhali bai cika ba.

A Accord tsarin daban ne. Ana kashe injin ne bayan ya yi zafi, a auna tsakanin daƙiƙa 60 zuwa 90 da kashewa. Da yawa suna auna Honda da salon Toyota, su zuba mai ba daidai ba.

Daga nan sai ka kalli abin da ya maƙale a ƙyallen, ka kuma shinshina shi. Ja mai haske yana nufin man da sauransa. Ruwan kasa mai ɗan duhu, ba wari, ya tsufa ne kawai, juye yake so. Baƙi mai warin ƙauri, musamman in ka murza shi a yatsa ka ji tsaki-tsaki, yana gaya maka faifan kulocin da ke cikin giyar sun ci wuta. Mafi muni shi ne wanda ya koma kamar madarar da aka ɗiga wa jan launi: ruwan lagireto ya shiga giya. Irin wannan ba a ƙara tuƙa ta ko zuwa gareji, janta ake yi.

Mataki na biyu: juye ko a'a?

A nan ake yawan gardama a gareji. Wasu za su ce maka ba a canza man giyar atomatik, da ka canza ta mutu. Wasu kuma za su ce a sa mata injin wanki a kore tsohon man gaba ɗaya. Duka biyun akwai gyara.

Tushen magana ta farko shi ne, mutane ba sa canza man sai giya ta riga ta fara zamewa. Kulocin ciki sun cinye, garinsu yana yawo a cikin tsohon mai yana ba su ɗan kamu. Da an zuba sabo mai santsi sai zamewar ta fito fili, a ɗora wa sabon mai laifin ciwon da ya daɗe. Shi kuma wankin matsi, a giyar da ba a san tarihinta ba, yana iya tayar da dattin da ya kwanta ya tura shi cikin ƙananan hanyoyin mai da bawul-bawul ɗin da ke sauya giya, su toshe.

Saboda haka, in man ja ne ko ruwan kasa, giya kuma tana shiga lafiya, a yi juye na sauƙi: a zubar da wanda ya fito ta noti, a mayar da sabo daidai adadinsa. In man baƙi ne mai ƙauri kuma mota tana ƙugi ba ta ja, juye ba zai warkar da ita ba. A sa mata kwamfuta a karanta lambobin matsala, waɗanda suka fara da P07 na giya ne, sannan a fara tanadin kuɗin gyara. Wani lokacin ma laifin ba na giyar ba ne: mazaunin inji da ya tsage yana sa mota ta buga in an sa D ko ribas, haka fulogi ko koyil da ya gaji yana sa fizgar da ake ɗauka ta giya ce.

Mataki na uku: sayen man da ya dace

Ja ba shi ne shaida ba, kusan duk man giyar atomatik ja ne. Camry ta waɗannan shekarun Toyota ATF T-IV take sha, ko wanda aka rubuta JWS 3309 a jikin galan ɗinsa. Daga ƙirar 2007 aka koma ATF WS, kuma ba a musanya su. Accord tana son ATF-Z1, wanda Honda ta maye gurbinsa da DW-1. Sau da yawa sunan man yana rubuce a jikin sandar awo, ka karanta. Man Dexron da ake sayarwa ko'ina a matsayin “na kowace mota” yana sa waɗannan giyoyin bugu da karkarwa wajen sauyawa, domin santsinsa ba irin wanda kulocinsu ke buƙata ba ne. Ka sayi mai rufaffen murfi daga dillalin da ka amince da shi. Na awo a kwalba, komai arharsa, a bar shi.

Mataki na huɗu: juyen kansa

Kayan aiki: lita huɗu na man, sabuwar wasar noti, wato zoben da ake sa wa notin, sifana mai kusurwa shida ta milimita 10 wadda ake kira alanki don notin Camry, siririn mazurari mai tsabta, da roba mai alamar awo.

A ɗora motar a kan rami, ko a ɗaga ta a tokare da ƙarfen tokari. Ba a shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai. Man ya kasance da ɗumi, ba mai ƙuna ba. A tabbatar notin giya aka kama, ba na inji ba, domin an sha zubar da man giya a zaton baƙin mai ne, a ƙara wa inji mai a kan mai, giya kuma ta tashi a bushe. A kwance notin, a tari man a roba har ya daina ɗiga. A Camry abin da ke fitowa wajen lita uku da rabi ne, a Accord kusan lita uku.

Ka auna abin da ya fito. Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ya fi muhimmanci. In lita 3.4 ta fito, lita 3.4 za ta koma, ta bututun sandar awo. A ɗaure noti da sabuwar wasa, a tayar da inji, a bi da giya ta kowane matsayi, a ɗan zaga, a sake aunawa da zafi kamar yadda aka yi a farko. In da ragi a ƙara kaɗan-kaɗan, kamar mililita 200 a lokaci guda. Man da ya yi yawa yana kumfa, kumfa kuma tana rage matsin da ke riƙe kuloci, don haka cikawa fiye da alama illa ce kamar ragi.

Giyar Camry gaba ɗaya tana ɗauke da wajen lita takwas, kaso mai yawa a cikin konbata, ƙullin da ke tsakanin inji da giya, wanda ba ya zubowa ta noti. Juye ɗaya bai kai ya sauya rabi ba. In man ya yi duhu sosai, a maimaita sau uku, ana barin kilomita 500 zuwa 1,000 a tsakani. A karo na uku kusan kashi 80 cikin ɗari ya zama sabo, kuma a hankali aka yi, ba a girgiza giyar ba. Bayan haka juye ɗaya duk kilomita 40,000 zuwa 50,000 ya wadatar a zafinmu da cunkosonmu.

A ɗaya daga cikin juyen, yana da kyau a sauke kaskon ƙasan giyar Camry. A ciki akwai maganaɗisu da ke kama garin ƙarfe. Laushin gari baƙi kamar kwalli ba abin tsoro ba ne, a goge. Ɓarɓashi mai ƙyalli da ake iya tsinta da yatsa kuwa labari ne marar daɗi. A sa sabuwar matata da sabon gasket, a ɗaure notocin da sassauci, ana tsallaka gefe zuwa gefe. Kada a lafta gam, domin wanda ya matso ciki yana ɓallewa ya toshe matata.

Mataki na biyar: lagireto, domin shi ke sanyaya giya

Ka bi ƙananan tiyo biyu da suka fito daga giya, za ka ga sun shiga ƙasan lagireto. A nan man giya ke sauke zafinsa. Ke nan motar da ke yawan zafi tana dafa man giyarta ne, ko da allurar ba ta kai ja ba, balle a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri.

Ruwan rijiya ko na famfo zalla yana sa tsatsa da gishiri su toshe lagireto, su kuma cinye bututun man giyar da ke ciki, wanda shi ne silar waccan madarar. A zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya, ja ko ruwan hoda irin na Toyota. In mai kauri ne da ake sirkawa, rabi da rabi ake yi da tataccen ruwa. Al'adar nan ta cire tamostat, bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, da haɗa fanka kai tsaye da sunan wai ƙasarmu da zafi, ɓoye ciwo ce. Tamostat ɗin Camry yana buɗewa ne a digiri 82, kuma kwamfutar motar tana duba zafin inji kafin ta bar giya ta shiga ta sama. In babu shi mota tana daɗewa ba ta ɗumama ba da safe, ta ƙara shan fetur. In tana zafi a nemo dalili: lagireto da ya toshe, murfinsa da ya saki, famfon ruwa, ko fankar da ba ta tashi. Injin 2.4 na Camry ta waɗannan shekarun, wanda ake kira 2AZ-FE, ba ya yafe zafi, zaren da notocin kan inji ke kamawa a jikin bulok na alminiyam yana iya sulluɓewa, ruwa ya fara tsiyaya ta bayan inji.

Baƙin mai da sauran ƙananan abubuwa

Injin 2.4 na Camry yana shan lita 3.8 tare da filta, ba galan guda da ƙari ba. A murfinsa an rubuta 5W-30. Mai kaurin 20W-50 da aka saba zuba wa kowace mota yana jinkirin hawa sama da safe, musamman da sanyin hunturu. In injin ya tsufa yana ɗan shan mai, 10W-40 sulhu ne mai kyau. A juye duk kilomita 5,000 ko wata shida, a canza filta kowane karo, a riƙa duba geji duk mako biyu.

Filtar iska a hunturu takan cika da ƙura tun kafin lokacinta, a buɗe a duba kowane juye. Fulogin wannan injin na iridiyom ne, Denso SK20R11 ko NGK IFR6A11, ba a kankare shi da takardar yashi, jabunsa kuma ya yi yawa a kasuwa. Man birki DOT 3 ne, yana tsotsar danshi, a sauya shi duk shekara biyu. Sitiyarin Camry yana karɓar Dexron, na Honda kuwa sai man sitiyarin Honda, in ba haka ba robobinsa su fara yoyo.

Injin 2.4, na Camry da na Accord, sarƙar taimin yake da ita, wadda ke daidaita buɗewar bawul, ba a canza ta da lissafin tafiya. Masu injin V6, mai silinda shida, kuwa bel ne, a Camry duk mil 90,000, a Accord wajen mil 105,000. Na Honda in ya tsinke a guje bawul sukan lanƙwashe. In ba ka san ranar da aka canza shi ba, ka ɗauka ba a taɓa ba, a haɗa da famfon ruwa tunda hanya ɗaya ce.

Hannun direba

Ka tsaya cak kafin ka sauya daga D zuwa ribas. A gangare ka ja birkin hannu kafin ka sa P, domin abin da ke riƙe mota a P ɗan ƙaramin haƙori ne na ƙarfe. Ba a tura atomatik don ta tashi in batir ya mutu. In ta lalace a hanya, kada a ɗaura mata igiya a ja ta nesa da tayoyin gaba a ƙasa: famfon man giya da inji yake juyawa, in inji a kashe yake kayan ciki suna juyawa ba mai. A ɗaga gabanta, ko a ɗora ta a kan motar ɗauka.