Yadda ake haɗa firinta da Wi-Fi na gida, ta kuma ci gaba da aiki bayan an ɗauke wuta an dawo da ita

Kafin ka taɓa firintar, rautarka za ka fara dubawa, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a gidanka. Rautocin zamani suna watsa Wi-Fi a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, alhali firintocin gida da yawa, irin su Epson L3150 da L3250, na 2.4 kawai suke kamawa. Idan a wayarka kana ganin suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa, to marar 5G ɗin shi ne na firinta. Wannan 5G ba ruwansa da 5G na kamfanonin waya, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Idan kuwa suna guda kake gani, wataƙila rautar ta haɗe zangunan biyu. Sai ka buɗe burauza ka rubuta adireshin da ke manne a ƙarƙashin rautar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1, ka shiga saitin Wi-Fi ka raba su, kowanne da sunansa.

Tun kana can, duba nau'in tsaron. Idan an sa shi a WPA3 zalla, tsofaffin firintoci za su yi ta ƙin karɓar kalmar sirri ko da daidai ka rubuta ta. Mai da shi WPA2, ko gamin WPA2/WPA3. Tashar watsawa (Channel) kuma a sa ta 1, 6 ko 11, domin firintar da aka ƙera wa kasuwar Amurka ba ta ganin tasha ta 12 da 13. Masu sayen tokumbo su lura da wani abin da ya fi wannan muni: firintar lesa ta Amurka wutar bolt 110 zuwa 120 take sha, tamu kuwa 230 ce. A karanta rubutun da ke bayanta kafin a jona, in ba haka ba ƙauri za a ji.

Yanzu sai firintar. Ajiye ta kusa da rauta, kamar mita biyu ko uku, har a gama saiti. Cire kebul ɗin USB. Idan akwai kebul ɗin netwok a jikinta shi ma a zare, don da yawansu suna kashe Wi-Fi da zarar sun ji shi.

Mai allo a jiki ita ce mafi sauƙi. Shiga Network ko Wireless Settings, zaɓi Wireless Setup Wizard, nemo sunan Wi-Fi ɗinka, rubuta kalmar sirri. A nan hannu ke yawan kuskure, saboda allon ƙarami ne, babban harafi da ƙarami kuma ba ɗaya ba ne, sifili da harafin O suna kama.

Marar allo hanya biyu gare ta. Ta farko WPS, wato haɗawa da maɓalli ba sai an rubuta kalmar sirri ba: danne maɓallin Wi-Fi na firintar kamar daƙiƙa biyar har fitila ta fara ƙiftawa, sannan cikin minti biyu ka danna maɓallin WPS na rauta. Idan fitilar ta daina ƙiftawa ta tsaya cak, sun haɗu. Sai dai ba kowace rauta ke da maɓallin ba, wasu kuma an kashe shi a saiti, kuma ba ya aiki da WPA3. Ta biyu, wadda ta fi tabbas, ita ce manhajar kamfanin a waya: HP app (a da HP Smart), Canon PRINT, Epson Smart Panel ko Brother Mobile Connect. Ka tabbata wayar tana kan zangon 2.4 ɗin nan, ka kunna Bluetooth da Location, ka ba manhajar izinin da ta nema, ka kashe VPN idan kana da shi. Manhajar ce za ta miƙa wa firintar suna da kalmar sirri. Firintar HP tana jiran saiti na awa biyu ne kawai daga lokacin da aka fara kunna ta. Idan lokacin ya wuce, ko kuma an taɓa haɗa ta a wani gida, sai an mai da saitin netwok ɗinta yadda ya fito daga kamfani. A DeskJet da yawa ana danne maɓallin Wireless da na Cancel tare na 'yan daƙiƙoƙi har shuɗiyar fitila ta fara ƙiftawa.

Da ta haɗu, buga takardar rahoton netwok. Maɓalli mai alamar i ne ke fitar da ita a mafi yawan marasa allo. Duba inda aka rubuta IP Address. Idan ya fara da 192.168, lafiya. Idan ya fara da 169.254 ko ya nuna 0.0.0.0, rautar ba ta ba ta adireshi ba. Kashe su duka biyun, kunna rauta tukuna, jira minti biyu, sannan ka kunna firinta.

A iPhone ba a buƙatar komai idan firintar na da AirPrint, tsarin bugawa na Apple, sai dai a danna Print a zaɓe ta. Android ma yakan gan ta da kansa, in bai gani ba a sauke Mopria Print Service. A Windows 11 kuwa: Settings, Bluetooth & devices, Printers & scanners, Add device.

Abin da ke hana mutane sakat daga baya yake zuwa. Yau ta buga lafiya, gobe kwamfuta ta ce Offline alhali fitila na kunne. Dalilin shi ne rauta aro take ba kowace na'ura adireshi, kuma ƙananan rautoci da yawa suna mantawa da wanda suka ba kowa da zarar sun mutu. An ɗauke wuta, an tada janareto, an dawo da wuta, kowane karo wayoyi da talabijin da firinta suna rige-rigen karɓa. Firintar da jiya take 192.168.8.103 yau ta koma 105, kwamfuta kuma tana ta sallama a tsohon gida. Maganin shi ne a ba ta adireshi na dindindin. A shafin rauta nemi Address Reservation ko Static DHCP, wasu suna kiransa MAC Binding. Kwafo lambar MAC ta firintar, wato lambar shaidarta a netwok, daga takardar rahoto, haruffa da lambobi goma sha biyu ne, ka ɗaure ta da adireshin da take kai yanzu. Idan rautar ba ta da wannan, kamar wasu ƙananan MiFi, rubuta adireshin firintar a burauza, shafinta zai buɗe, ka mai da IP daga Automatic zuwa Manual, ka zaɓi lambar da ke waje da jerin da rautar ke rabawa. Subnet mask 255.255.255.0, gateway kuma adireshin rautar. Sannan a Windows ka goge firintar, ka sake ƙara ta ta hanyar Add manually da wannan adireshin.

Idan duk da haka ba a gan ta ba, duba ko firintar ko na'urar da kake bugawa da ita tana kan Wi-Fi na baƙi. Wannan an yi shi ne don na'urori kada su ga juna, haka ma saitin AP Isolation. A Windows kuma netwok ɗin ya zama Private, ba Public ba.

Bugawa ba ta cin data, kuma ko data ta ƙare a rauta za ta yi aiki, tunda takardar daga waya zuwa rauta zuwa firinta take bi. Banda firintocin da aka kunna wa tsarin HP+, su dole sai da intanet. Gidan da ba rauta sam zai iya amfani da Wi-Fi Direct: kunna shi a firinta, nemi sunan da ya fara da DIRECT a jerin Wi-Fi na waya, kalmar sirrinsa tana kan takardar rahoto ko a allon firintar.