Yadda za ka sa tukunyar yumɓu ta yi ja tana sheƙi irin na Rumawa

Masu sha'awar ginin tukwane a nan Kaduna, ku matso. Kwanukan Rumawan da, jajayen nan masu ƙyalli da ake gani a hoto, ba fenti ba ne kuma ba gilas aka narka a kai ba, yumɓu ne zalla aka tace shi har ya yi laushi aka shafa. A garin Arezzo na Italiya aka shahara da su wajen shekara 30 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya sana'ar ta koma La Graufesenque a kudancin Faransa inda ake gasa dubbai a wuta ɗaya, sannan Tunisiya ta karɓa har ƙarni na 7. Kuma wallahi kayan haɗin duk muna da su.

Toh ka samo jan yumɓu, na bakin kogin Kaduna ma ya isa in dai mai danƙo ne, ka shanya ya bushe ƙarau, ka daka ka tankaɗe da rariya. Zuba a jarka fara wadda ake ganin cikinta, ruwa ya ninka yumɓun kamar sau uku, in da hali ruwan sama. Sai ka jefa kanwa ƴar kaɗan, kaɗan fa nake nufi, aikinta ta raba ƙwayoyin yumɓun kar su dunƙule. Girgiza sosai ka ajiye kwana ɗaya kar kowa ya taɓa, a ja wa yara kunne.

Washegari za ka ga ya rabu uku, ruwa garau a sama, yashi da laka mai nauyi a ƙasa, na tsakiyan nan mai santsi shi muke nema. Zuƙe shi da siririn tiyo a hankali, na ƙasan ka zubar kar ka ji ƙyashi, don shi ke kashe ƙyallin. Na tsakiyan da ka zuƙe, bar shi a faranti ya sha iska har ya yi kaurin madara.

Ado kuwa tun tukunyar na da danshi ake yi, nan ne Rumawa suka ƙware. Sukan gina kwano na musamman su danna hatimai a cikinsa, ganye, zomo, kare, mutane, su gasa shi, sai ya zama mazubi, a danna ɗanyen yumɓu a ciki, in ya bushe ya tsuke ya fito da kansa da zanen a jiki ɓaro-ɓaro. Shi ya sa kwanonsu ya yi yawa har ya kai Ingila. Mai farawa ni dai shawarata ya fara da mai sauƙi, ka dama yumɓu da ɗan kauri ka ƙulla a leda ka huda baki ka riƙa zanawa yadda masu lalle ke yi, Rumawan ma suna da wannan salon. Ko ka mirgina totuwa ko tufkakkiyar igiya irin ta maginan Gwari. Kuma ka sassaƙa hatimin sunanka ka buga a gindin kwanon, maginan Rumawa haka suke yi, har yau ana karanta sunayen.

In tukunyar ta bushe sarai sai a shafa mata tataccen yumɓun nan. Burushi mai laushi, siriri-siriri sau 2 ko 3, in ka labta da kauri zai ɓare bayan gashi. Kafin danshin ya gama ɗaukewa ka goga da leda ko tsumma mai laushi, nan take za ka ga ta fara ɗaukar ido.

Wajen gashi a bar iska ta shiga, iska ke ba da jan, in ka turnuƙe da hayaƙi baƙa za ta fito. Wutar Rumawa takan kai digiri 1000 har ta ɗara, tamu ta ciyawa da itace ba ta kai nan, don haka taka za ta riƙa tsatsar da ruwa kaɗan, a sa dabino ko goro a ciki ya fi.

In kana son abin amfani a kicin, gwada kaskonsu na niƙa, mai faɗin baki da ɗan mazurari, a danna tsakuwa ƙanana a cikinsa tun yana ɗanye don ya yi kaushi, a ciki suke murje ganye da kayan ƙamshi. Wannan ba a masa shafin ƙyalli a ciki.