Yadda ake gane tsohuwar fistol ta soja da shekarar da aka ƙera ta

Kafin ka karanta ko harafi ɗaya a jikin bindigar, cire gidan harsashi, ka ja murfin sama baya, ka leƙa ɗakin harsashi, wato gindin bututun inda harsashi ke zama, da idonka ka tabbatar babu komai. Ka kuma tabbatar dokar ƙasar da kake ta yarda ka riƙe ta. Kayan aikin kaɗan ne: tocila, gilashin ƙara girma mai ninki 10, farin alli, tsumma da ɗan mai. Haska ƙarfen daga gefe, domin inuwa ce ke fito da tambarin da ya sha jiki. Idan bai fito ba, goga alli a kai ka share na saman. Kada ka kusanto da samfefa ko burushin waya. Za su cinye rubutun, kuma ba ya dawowa.

Tambarin da ke jikin irin wannan bindiga ba rana ɗaya aka buga su ba. Akwai na masana'anta, akwai na sufeton soja da ya karɓe ta, akwai kuma waɗanda aka ƙara daga baya wajen gyara ko sayarwa. Aikinka shi ne ka ware su, ka ga ko maganarsu ta zo ɗaya. Zana kowanne a takarda tare da wurin da ka gan shi, ka fara da gangar jiki, domin murfi da bututu ana iya sauya su cikin minti ɗaya.

P38 ta Jamus ta fi dacewa da koyon wannan aiki. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ɓoye sunan masana'antu da haruffa a gefen hagu na murfin: ac na nufin Walther, byf na nufin Mauser (ya koma svw a 1945), cyq kuwa Spreewerk. Lambobi biyun da ke tare da haruffan su ne shekara, wato ac 43 Walther ce ta 1943. Sai ka nemi ƙaramar gaggafa da lamba a ƙarƙashinta: 359 ta sufeton Walther ce, 135 ta Mauser, 88 ta Spreewerk. Murfi mai ac a kan gangar jiki mai 135 ya isa ya sa ka dakata ka ƙara bincike.

Lambar bindigar tana kan murfi, gangar jiki da gaban bututu, sannan lambobi uku na ƙarshe suna kan ƙaramin ƙarfen da ke kulle bututun. Nan mutane ke yawan ruɗewa. Lambar ba ta wuce alƙaluma huɗu, idan ta cika sai a sake daga farko a ƙara harafi, a, b, c. Walther ma kan koma farko duk sabuwar shekara. Saboda haka lamba ita kaɗai ba ta nuna komai, sai an haɗa ta da harafin, da shekarar, da masana'antar. Spreewerk ba ta buga shekara ko kaɗan, harafin nan ne ake gwadawa da jadawalin masu tara bindigogi a san ko 1943 ce ko 1944. Wadda aka ƙera bayan yaƙi a garin Ulm, wadda sojan Jamus ta Yamma suka riƙa kira P1, yawanci gangar jikinta alminiyum ce, mayen ƙarfe ba ya kama ta, kuma wata da shekara suna kan murfi, kamar 10/78.

A Luger P08 ta Jamus shekarar tana saman ɗakin harsashi. Ta Mauser mai S/42 da harafin K ta 1934 ce, mai G ta 1935, daga 1936 aka koma rubuta shekarar a fili. Ƙananan sassanta na ɗauke da lambobi biyu na ƙarshe.

M1911A1 ta Amurka ba ta da shekara a jiki. Lambar da ke gefen dama na gangar jiki ake nema a jadawalin da gwamnati ta raba wa Colt, Remington Rand, Ithaca, Union Switch & Signal da Singer, wadda 500 kacal ta ƙera. Sunan da ke kan murfi na iya yaudara, domin wuraren gyara na soja sun riƙa cakuɗa sassa. Baƙaƙen sufeto a gefen hagu sun fi gaskiya: GHD a kan Colt, FJA a kan Remington Rand da Ithaca, RCD a kan Union Switch. AA ko RIA na nuna an sabunta ta a wurin gyara na soja da ke Augusta ko Rock Island.

Tokarev TT-33 ta Rasha ta fi sauƙi, shekararta na kusa da lamba. Tauraro na masana'antar Tula ne, kibiya cikin alwatika ta masana'antar Izhevsk, duka a Rasha, 11 cikin da'ira ta Foland, 02 ta Hungari.

Tambarin da aka ƙara daga baya su ne ke kai mutum ga kuskuren shekara. Kambi da BNP gwajin Birmingham ne a Ingila daga 1954, lokacin da aka sayar wa farar hula, ba lokacin ƙira ba. Sunan ɗan kasuwa da garinsa a ƙananan haruffa alama ce an shigar da ita Amurka bayan dokar 1968. P38 da Rasha ta ƙwace kan zo da X, da sabon baƙin rini, da lambobin da aka zana da alƙalamin lantarki don sassan su dace. Murabba'i da layi a karkace a kan Tokarev shi ma na gyaran Rasha ne.

Jabun tambari ma na yawo, musamman gaggafa da sunan Singer. Sa gilashi ka duba gindin rubutun. Idan ƙarfe na walƙiya a ciki alhali kewayensa ya tsufa, an buga shi kwanan nan. Idan gefen haruffa ya lafe ya yi santsi, an goge bindigar an sake rina ta. Wurin da ya ɗan lotsa a kewayen lamba yana nuna an kankare tsohuwar lamba, kuma a ƙasashe da yawa riƙe irin wannan bindiga laifi ne, sai a kai rahoto ga hukuma.