Kurakuran da ke kashe kiɗan dark techno tun kafin a sake shi

Sababbin masu haɗa dark techno, wani nau'in kiɗan rawa na lantarki mai nauyi da duhu, kan turo mini aikinsu kafin su saki, kuma kusan kullum cutar ɗaya ce: sun ɗauka duhu shi ne a cunkushe ƙasan sauti, wato sautuka masu kauri.

Babbar ɓarnar tana tsakanin kik, wato bugun babbar ganga, da rugugin da ke ƙarƙashinsa. Rugugin nan daga kik ɗin ake samar da shi: a jefa shi cikin amsa-kuwwa, a ɗan gurɓata shi, a tace saman. Sai mutum ya bar su biyun suna bugawa lokaci guda, kowanne na kokawar neman wuri tsakanin hertz 40 da 100, wato yankin sauti mai kauri. A belun kunne ka rantse abin arziki ne. A manyan sifikun kulob kuwa sai ya koma caɓi. Abin nan ya taɓa ci na da tsada: wani DJ ya ɗora kiɗana tsakar dare, ba a je ko'ina ba ya sauke shi, don kik ya nutse, masu rawa sun rasa inda za su taka. Yanzu ba na sakin komai sai na sa kwamfuresa, na'urar matse sauti, ta danne rugugi duk sa'ad da kik ya buga. Abin da ke ƙasa da hertz 120 kuma ina mayar da shi mono, wato hagu da dama su zama sauti ɗaya. Wasu na tsayawa a 100, ni dai hankalina bai kwanta da hakan ba.

Sai jarabar ƙarfin sauti. Haba jama'a! Me ya sa za ka matse kiɗa da limita, na'urar iyakance ƙarfin sauti, har ya kasa numfashi? Spotify na daidaita ƙarfin sauti zuwa -14 a ma'aunin LUFS, DJ ma yana da maɓallin ƙara murya a gabansa. Ka kashe naushin kik a banza.

Kada ka tara sauti arba'in. Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson sun assasa techno a Detroit a shekarun 1980 da 'yan injina kaɗan, kuma sautin na'urar ganga TR-909 ta 1983 har yau yana girgiza kulob ɗin Berghain a Balin.

Ka bar wa DJ gaɓa 32 na ganga zalla a farko da ƙarshe, ya sami inda zai haɗa. Amsa-kuwwa a kan kowane sauti nisa take kawowa, duhun bai zuwa. Ga mai yi wa sautin gyaran ƙarshe kuma fayil ɗin WAV, wanda ba a matse ba, za ka tura, ba MP3 ba.