Nutso Daga Gaɓar Teku a Akara

A Akara teku na cika sau 2 a rana, kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Duba jadawalin cikar ruwa na Tema, tashar jiragen ruwa da ke kusa da Akara, ka shiga minti 30 kafin cikar ruwa. A lokacin jan ruwa ya lafa, duwatsu sun nutse, ba za su yanke ka ba. Idan ruwa ya fara janyewa, yashi zai tashi, ganinka ya ragu.

Ka gaisa da masu fatsa, ka nuna musu inda za ka bi. Zaren ƙugiya ba ya ganuwa a ruwa, yakan sarƙe bawul ɗin tukunyar iskar da kake shaƙa. Kar ka fizge, yanke shi da almakashi. Ɗaga balan-balan ɗin alama, mai nuna inda kake a ruwa, kafin ka taso. Talata ta fi sauƙi, masuntan ƙabilar Ga ba sa fita ranar.