Darasi na Bakwai: Tsare Jari da Riƙon Yaran Shago

Wannan darasi na matashin da ya buɗe shagon kayan masarufi ne a unguwa, yana da yaro ɗaya ko biyu a ƙarƙashinsa. Mai ɗinki da mai sayar da kayan waya da matar da ke sana'a a cikin gida duk za su iya ɗaukar lissafin su ɗora a kan nasu. Alƙaluman da ke ciki na misali ne, ka sa farashin kasuwarku na yau a gurbinsu.

Uwar kuɗi ba taka ba ce

Yawancin ƙananan shaguna ba rashin ciniki ne ke kashe su ba. Ana ciniki safe da yamma, amma kanta tana ramewa, domin mai shago ya ɗauki duk abin da ke cikin aljihun tebur a matsayin kuɗinsa. Kuɗin da ke wurin kashi biyu ne: uwa da riba. Uwa ta shago ce, ita za ta koma kasuwa ta dawo da kaya. Riba kaɗai ake ci, ita ma ba duka ba.

Saboda haka ka yanka wa kanka albashi kamar yadda ka yanka wa yaronka. A ce N2,000 kullum na cefane. Ka ɗauka a lokaci ɗaya, ka rubuta. In uwargida ta aiko a kawo sukari da madara, a auna, a rubuta da farashin da ake sayar wa kowa, a cire daga albashinka. Wasu na ganin wannan ƙeƙe-da-ƙeƙe ne, mutum da dukiyarsa. To amma sabulu ɗaya yau, gwangwanin tumatir gobe, kafin wata ya ƙare katan guda ya fita ta ƙofar baya, kuma yaron shago ake zargi.

Yadda ake fitar da farashi

A ce ka saro katan ɗin taliya mai ƙulli 20 a kasuwar Singa ta Kano a kan N18,000. Ka ba ɗan dako N200, rabon wannan katan a kuɗin mota N400. Katan ya iso shagonka a kan N18,600, wato kowane ƙulli N930. Wanda bai lissafa dako da mota ba zai ce N900 ne, ya sayar N950, yana murna zai ci N1,000 a katan. Abin da ya ci N400 ne. In kuwa ɓera ya huda ƙulli ɗaya, 19 ya sayar, ya karɓi N18,050, ya faɗi da N550 bai sani ba.

Akwai wani ramin da ya fi wannan zurfi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, 'yan kasuwa sun ga yadda kaya kan tashi tsakanin sari da sari. Ka sayar da katan ɗin nan duka, ka tara N19,000, ka koma Singa aka ce yau N20,000 ne. Da dako da mota kana neman N20,600. A takarda ka ci riba, a kasuwa kuwa kuɗinka ba za su cike gurbin abin da ka sayar ba. Don haka farashi yana bin abin da za ka sake sayo kayan ne, ba abin da ka saye su makon jiya ba. Ka riƙa buga wa dilanka waya sau biyu a mako kana jin yadda kasuwa take. In kaya suka sauka kuma, kai ma ka sauka da wuri, tun kafin maƙwabcinka ya riga ka, naka su zama kwantai.

Kayan awo sai ka auna da hannunka. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a shago mudun shi ne alƙali. Jarkar man gyaɗa mai lita 25 a lissafi tana ba da kwalba 33 da ɗan ɗigo, in kwalbar mai kashi uku cikin huɗu na lita ce. A aikace, da abin da ya zube a mazurari da wanda ya maƙale a jikin jarka, 32 za ka sa a ranka. Buhun shinkafa ko na sukari, ka juye na farko ka ƙirga kwano nawa ya ba ka, ka rage gyaran da ake yi wa masu saye, sannan ka raba kuɗin buhun a kan abin da ya rage.

Littattafai uku da ƙidayar ƙarshen wata

Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. Na farko na shige da fice ne: shafi ɗaya a rana, dama abin da ya shigo, hagu abin da ya fita, har kuɗin leda da na shara. Na biyu na bashi, kowane mutum da shafinsa. Na uku na sari: rana, kaya, yawa, farashi, wurin wa aka saya. Wanda rubutu bai zauna masa ba tukuna ya fara da lambobi da alamomin da zai gane, ko ya rubuta da ajami. Abin da ake so shi ne kada a kwana ba a rubuta ba.

Ranar ƙarshe ta wata a rufe shago da wuri a ƙirga komai, da farashin sari. Misali: kayan da ke kanta da sito N620,000, kuɗin hannu N95,000, na banki N140,000, bashin da kake bi wanda kake da tabbacin zai fito N45,000. Jimla N900,000. Dila yana bin ka N70,000, a cire, saura N830,000. Wannan shi ne ƙarfin shagonka. In watan jiya N800,000 ne, an samu ƙarin N30,000. Kada ka yi saurin murna. Hayar shago N120,000 ce a shekara, wato N10,000 kowane wata, a ware ta gefe, ko a zuba ta a adashin da kwasarka za ta zo daidai lokacin biya. Ribar gaskiya N20,000. Mai hankali yakan mayar da aƙalla rabinta cikin jari. Wannan ƙidaya ce kuma za ta nuna maka ko dukiyar ta kai nisabi, in shekara ta zagayo ka fitar da zakka, ɗaya cikin arba'in.

Lokacin ƙidaya ake gyara kanta. Tsohon kaya a gaba, sabo a baya. A duba ranar lalacewa a jikin madara da gwangwanaye, wanda ya kusa a karya farashinsa ya fita. Buhuna a kan katako, ba a kan siminti ba, musamman da damina. Sabulu da garin wanki nesa da fulawa da sukari, don suna ɗaukar ƙamshi, mai saye kuma ba zai dawo ba.

Bashi da taransifa

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma shagon unguwa ba zai rayu ba tare da shi ba. Iyaka ake sa masa. Duk bashin da ke waje kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na jarinka. Kowane mai karɓa a yanka masa iyaka da ranar biya, ba a ɗora sabo sai an sauke tsoho. In wani ya ji haushin an rubuta sunansa, a tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi. Ɗan'uwa kuwa, in ka san ba zai biya ba, gara ka ba shi abin da za ka iya daga albashinka, ka ce kyauta ce. Zumunci ya tsira, littafi ma ya tsira.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki da yawa ya koma taransifa. Doka ɗaya ce: hoton da mai saye ya nuna a wayarsa ba shaida ba ne, saƙon tes ma ana ƙirƙirarsa. Kaya ba sa fita sai an ga kuɗin a manhajar banki ko a na'urar POS ta shago. Ka buɗe wa shago asusunsa daban da naka. In ka yi wa sunan kasuwancinka rajista a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, banki zai buɗe maka asusu da sunan shagon, kuma takardar tana amfani ranar da za ka nemi jari a banki ko shiga wani shiri na hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i.

Kai da yaranka

Matashin maigida yana da matsalar da dattijo ba shi da ita: yaran shagonsa sa'o'insa ne, wani ma tare suka yi ƙwallo. Girma ba zai zo ta tsawa ba. Yaro yana kallon hannunka fiye da yadda yake sauraren bakinka. In ya ga ka zura hannu a aljihun tebur ka ɗauki N500 na kati ba ka rubuta ba, ka koya masa darasin da ba za ka iya goge shi ba. In ya ga ka rubuta, shi ma zai rubuta.

Kafin yaro ya fara aiki, a zauna da mahaifinsa ko wanda ya tsaya masa, da shaida ɗaya. A faɗi lokacin buɗewa da rufewa, kuɗin abinci na kullum, abin da zai samu a wata, ranar hutu, da shekarun da zai yi kafin a sallame shi. A rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Yawancin rigimar maigida da yaro daga “ai na ɗauka” take farawa.

Hannu ɗaya ne ke taɓa kuɗi a lokaci guda. In yara biyu ne, ɗaya yana miƙa kaya, ɗaya yana karɓa da ba da canji, kuma da safe a ƙirga masa canjin da aka bar masa a gabansa. Ranar da lissafi bai cika ba, kada kalmar sata ta riga fita daga bakinka. A fara duba abubuwa huɗu: kuskuren canji, bashin da aka bayar ba a rubuta ba, taransifar da ba ta shigo ba, da hannun maigida kansa. Galibi a nan ake samun giɓin. In kuwa ta tabbata yaron ne, a kira wanda ya kawo shi, a yi magana a rufe. Faɗa a gaban masu saye yana zubar da mutuncin yaro, kuma daga ranar ba zai iya ce wa mai neman bashi a'a ba, tunda an ga shi ma ba kowa ba ne.

Yaron da ya shekara yana miƙa kaya kawai, bai san inda ake sari ba, an cuce shi, an kuma cuci shagon, don ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai sai a rufe. Ka bi da shi mataki-mataki. Watanni uku na farko ya haddace farashi da wurin kowane kaya. Daga nan ya riƙe littafin bashi. Sannan ka tafi da shi kasuwa, ka gabatar da shi ga dilolinka, ya ji yadda ake tayi, ya ga yadda ake duba katan ko an farke shi an sake liƙewa. Bayan haka ka aike shi shi kaɗai da kuɗi kaɗan, ka bar masa shago na yini, sai na kwana uku, kana ƙirga kaya kafin ka tafi da bayan ka dawo. Kada ka ji tsoron zai gane sirrin kasuwa ya zama kishiya. Manyan attajiran Kano irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da yaran da suka ba jari suka aika garuruwa sayen gyaɗa kasuwancinsu ya faɗaɗa.

Kuɗin sallama tun watan farko ake fara tara su. In kun yi da shi shekara huɗu, kana ware N5,000 kowane wata a wani asusu da ba ka taɓawa, ranar sallama akwai N240,000. Da yake kuɗi na rage daraja, duk lokacin da ka ƙara farashin kaya ka ɗan ƙara abin da kake warewa. Ranar da za a ba shi, mafi yawa ya zama kaya ne da farashin sari, sauran kuɗin haya da na kanta, sannan ka kai shi wurin dila ɗaya ka tsaya masa a kan sarin bashi na farko, tare da faɗin iyakar abin da ka ɗauki nauyinsa a gaban su biyun.