Kurakuran da aka fi yi wajen shirya wa baƙi teburin cin abinci

Babban kuskure shi ne cika teburi da kaya. Mai masauki na son ya burge, sai ya kwaso duk cokulan gidan ya jera, baƙo ya zauna yana raba ido, ya rasa wanda zai fara ɗauka. Duk abin da ba za a ci da shi a wannan zama ba, kada ya hau teburi.

Sai mazaunin kowanne. Cokali mai yatsu a hagun faranti yake, wuƙa da cokali a dama, kuma wuƙar ce ke jikin farantin. Nan ne da yawa ke tuntuɓe: su bar kaifin wuƙa yana kallon hannun maƙwabci, alhali farantin ya kamata ya fuskanta. Idan abincin kashi-kashi za a kawo, wanda za a fara amfani da shi ya zama can waje, sauran su biyo zuwa ciki. Kofin ruwa kuwa gaba da tsinin wuƙa, ta dama. Aka kai shi hagu, wani zai sha ruwan wani, kuma ba zai farga ba sai ya ajiye kofin.

Matsi ma matsala ne. Kowane mutum yana bukatar kamar santimita 60 na faɗin teburi, in ba haka ba a yi ta gogar gwiwar hannu ana ba juna haƙuri. Idan akwai bahago, a ba shi kujerar ƙarshe inda hagunsa zai sake. Faranti da cokula su ja baya daga bakin teburi da kamar yatsu biyu.

Ni dai abin da ya fi ba ni haushi shi ne doguwar tukunyar furanni a tsakiya. Kyau kam akwai, amma an zo hira ne, ga shi ana leƙen juna ta gefen ganye. A rage mata tsawo ko a kai ta gefe. Kyandir mai turare shi ma a bar shi a falo, don yana danne ƙamshin abinci.

Kofunan gilashi a goge su da busasshen ƙyalle, a riƙe su ta gindi don kada yatsu su bar shaida.

In an gama, a ja kujera ɗaya a zauna, a miƙa hannu kamar za a ci. Abin da hannu ya bige, ko wanda ya kasa kaiwa gare shi, a matsar da shi kafin a ji sallama.